Yadda matasa za su rage leda a gida da unguwa, mataki bayan mataki

Duk wanda ya ratsa bayan kasuwa a Garwa ko Marwa da rani ya san abin da nake magana a kai. Baƙar leda ta maƙale a jikin ƙaya tana kaɗawa, ledar ruwa ta shimfiɗe a ƙasa, kwalaben roba sun cika kwata. Da ruwan farko ya sauka sai duk su tattaru a bakin kwalbati su toshe hanya, ruwa ya juya ya nufi gidajen mutane.

Na daɗe ina wannan aiki tare da samari da 'yan matan unguwa, kuma abin da nake so mai farawa ya fara riƙewa shi ne wannan: shara tana kusa da ƙarshen aikin, ba ita ce farkonsa ba. Ledar da ba ta shigo gida ba, ba sai an share ta ba. Ƙungiyoyin da na ga sun watse, da tsintsiya suka fara. Su fito ranar Asabar su share titi, su ɗauki hoto, bayan mako biyu su dawo su tarar da wurin ya koma yadda yake, sai gwiwa ta yi sanyi. Tsarin da ke ƙasa an jera shi ne don kada hakan ta same ku.

Ɗan abin da ya kamata ka sani

Daga man fetur da iskar gas ake yin roba, kuma ba ta ruɓewa irin ta ganye ko takarda. Rana ce ke busar da ita ta farfashe ta zama ƙanana, ta gauraye da ƙasa da ruwa. Duniya tana ƙera fiye da tan miliyan 400 na roba a shekara, kuma wajen kashi 9 cikin ɗari kacal ake sake sarrafawa. Daga haƙo mai zuwa ƙera ta da ƙona ta, roba tana fitar da kusan kashi 3 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Ba zan ce maka ledar gidanku ce ta kawo zafin watan Afrilu ba. Amma sauyin yanayi yana kawo ruwan sama mai ƙarfi a lokaci guda, kuma unguwar da kwatarta ke toshe ita ce ke fara nitsewa. Ambaliyar 2024 ta shafi kusan mutum miliyan biyu a Chadi, ta kuma raba dubban mutane da gidajensu a wajejen Yagwa da Kusuri. Wannan cikar kogi ce, ba mu da iko a kanta. Kwatar ƙofar gida kuwa a hannunmu take.

Doka ma tana tare da ku. A Kamaru an sa hannu a watan Oktoba na 2012 kan dokar da ta hana shigowa da ƙerawa da sayar da leda marar ruɓewa wadda kaurinta bai wuce maikiron 60 ba, wato leda marar kauri irin ta cefane, ta fara aiki a Afrilun 2014. A Njamena an tsananta hana leda a 2010. Kowa yana ganin baƙar leda ba ta bar kasuwa ba, amma sanin dokar yana ƙara wa maganarku nauyi a gaban hukuma.

Kayan aiki

Na gida: jakar cefane guda biyu, ta yadi ko ta kaba. Kwano mai murfi, langa ko kula. Gorar ruwa mai ɗorewa ga kowane ɗan makaranta. Randa ko jarka mai murfi. Tsofaffin buhunan shinkafa ko na masara guda uku. Littafi da biro.

Na aikin gayya: safar hannu mai kauri, rufaffen takalmi, takunkumi, manjagara, shebur, tsintsiya, baro ko amalanke, buhuna masu yawa, igiyar ɗaure su, sikelin rataye, ruwa da sabulu, da ɗan akwatin auduga da maganin ciwo.

Idan babu kuɗin jaka, kai wa tela buhun shinkafa ya yanke shi biyu, ya lanƙwasa baki, ya sa masa hannu. Yana ɗaukar kaya fiye da jakar kanti. Idan babu safar hannu, kada kowa ya ɗauki komai da hannu, a yi aiki da manjagara da shebur kawai, ko a ƙera maɗauki da waya mai kauri. Sa leda a hannu a madadin safa ba ya tare kwalba ko allura. Idan babu sikeli, a riƙa ƙidaya buhuna, amma a tabbata girmansu ɗaya ne. Baro da shebur kuwa a ara wurin magina ko masu lambu, a mayar a wanke da wuri, don gobe ma a samu aro.

1. Ƙidaya ledar gidanku na mako guda

Rataya buhu ɗaya a tsakar gida, ka roƙi kowa ya jefa duk wata roba da aka gama da ita a ciki har kwana bakwai. Kada a canza komai a wannan mako, a yi cefane yadda aka saba. Ranar ta bakwai ka zazzage a kan tabarma ka ware: baƙar ledar cefane, farar ledar ƙulli ta gishiri da mai da sukari, ledar ruwa, kwalabe, ledar biskit da omo da taliya. Rubuta adadin kowanne.

Gidan da leda goma ke shiga kullum, a shekara ya tara 3,650. Ka faɗa wa mutanen gida wannan lissafi da adadin naku na gaskiya. Kashi biyu ko uku da suka fi yawa su ne abin da za ka tunkara, sauran ka ƙyale su tukuna.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne yaro ya tashi yana yi wa iyayensa wa'azi. Ka fara da wadda ke riƙe da tukunya. Ka ce, "Inna, ina so in gwada wani abu na sati ɗaya, ki taimaka mini." Idan ta yarda, gidan ya yarda.

2. Toshe hanyoyi uku da leda ke shigowa

Cefane. Jaka ba ta da amfani idan tana ɗaki kai kana kasuwa. Rataya ta a bakin ƙofa, ko ka naɗe ƙarama ka sa a ƙarƙashin kujerar babur. Abu mafi muhimmanci shi ne lokacin da za ka yi magana: kafin mai kaya ya miƙa hannu ga leda. Da zarar ya zuba tumatir ya ƙulle, an riga an makara, domin ko ka mayar masa yar da ita zai yi. Ka buɗe jakarka tun kuna ciniki ka ce, "Malam, zuba mini nan, bar ledarka." Ba na jin na taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ji haushi, ai da kuɗinsa yake sayen ledar. Yaran da ake aika su ne suka fi kawo leda gida, don haka a ba kowane ɗan aike ƙaramin kwando ko roba mai murfi.

Ƙulle-ƙullen yau da kullum sun fi wuyar magani, saboda talauci ne ke kawo su. Wanda ke cin na yau ba zai iya sayen litar mai gaba ɗaya ba. Ga dabara: a tafi da ƙaramar kwalba a auna man a ciki, a tafi da gwangwani mai murfi don sukari ko gishiri. Ko gidaje uku su haɗa kuɗi su sayi mudu su raba. Yakan fi araha ma.

Abinci mai zafi. Wannan ne ya fi damuna. Koko da kunu a leda, ƙosai daga mai kai tsaye cikin leda, tuwo a naɗe a leda, alale da ake dafawa a cikin leda. Zafi da maiƙo suna sa sinadaran da ke jikin roba su fi saurin shiga abinci, kuma baƙar leda sau da yawa daga tsofaffin robobin da ba a san asalinsu ba ake yin ta. Iyayenmu da kwano suke zuwa sayen koko, kuma babu abin da ya hana mu. A tafi da langa ko kula. A kwashe tuwo da mara a jera a kwano mai murfi. A dafa alale a ƙananan kwanonin ƙarfe, a shafa musu mai, sai ya fita sumul. Nama daga mahauta ma kwano ya fi, jini ba ya ɗiga.

Ruwan sha. A nan sai an yi hankali, domin yankinmu ya san kwalara. Kada ka bar ruwan leda ka koma shan ruwan da ba ka amince da shi ba don kawai ka rage shara. Lafiya tana gaba. Idan ruwan gida na famfo ne mai kyau, a cika gora a fita da ita. Idan na rijiya ne ko akwai shakka, a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa maganin tsarkake ruwa bisa awon da ma'aikacin lafiya ya nuna. A zuba a randa mai murfi, a ware moɗa ɗaya mai dogon hannu wadda ba a sha da ita. A riƙa wanke gora da sabulu kullum. Idan tafiya ta kama ka dole ka sayi ruwan leda, sha abinka, ka sa ledar a aljihu ka kawo gida. Tana da amfani a mataki na 7.

3. Raba sharar gida uku, a daina ƙona roba

Buhu na farko: abin da ake saye, wato kwalabe, fasassun bokitai da kujeru da butoci, gwangwani, ƙarfe. Na biyu: leda mai laushi, a wanke a shanya kafin a sa, in ba haka ba wari da ƙuda za su sa mutanen gida su tsani aikin. Na uku: abin da ba shi da mafita, kamar ƙunzugun yara na zamani, wanda za a kai kwandon shara.

Abin da ke ruɓewa kuwa, ɓawon albasa, ragowar ganye, toka, kashin awaki, ba ya shiga buhu. A haƙa rami a gefen gida a riƙa zubawa, a ɗan yayyafa ruwa, a juya lokaci-lokaci. Cikin 'yan watanni ya zama taki. Manoman da ke kwasar juji su kai gona sun san wahalar takin da ke cike da leda: tana hana ruwa ratsa ƙasa, tana naɗe saiwa, tana kama garma.

Sai maganar wuta. Hura gawayi da leda ya zama al'ada a gidaje da yawa saboda saurin kamawa. A daina. Hayaƙin roba guba ne, kuma mai girki da yaron da ke goye a bayanta su ne ke fara shaƙa. Wasu nau'o'in, musamman irin na bututun ruwa da rigar wayar lantarki, suna fitar da gubar da ke daɗewa a jiki da ƙasa. A hura da karan dawa, busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa, totuwar masara ko guntun kwali. A tanade su a busasshen wuri tun kafin damina, domin ranar da itace ya jiƙe ce ake komawa ga leda.

Idan kuna da dabbobi, wannan mataki kuɗi ne. Akuya da saniya suna cin ledar da ke da ɗanɗanon gishiri ko mai, ta dunƙule a tumbi. Dabba ta riƙa ramewa ciki na kumbura, ana ta sayen magani a banza. Tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa daga tumbin dabbobin gari.

4. Haɗa 'yan'uwa, a nemi izinin manya

Sai gidanka ya yi wata guda a kan wannan tsari za ka fita waje, don ka sami abin nunawa. Mutum biyar zuwa goma sun isa. Ku nemi waɗanda ke zuwa in an kira, ba masu yawan magana a WhatsApp ba. Ku sa 'yan mata a ciki da gaske, domin su ne ke shiga gidaje su yi magana da matan aure, inda samari ba sa shiga. A raba aiki: mai riƙe littafi, mai kula da kayan aiki, mai magana da hukuma. Kuɗi kuwa a hannun mutum biyu, a karanta lissafi a gaban kowa a kowane zama.

Daga nan ku je gaisuwa wurin jauro ko lawan ko Sarkin Hausawan unguwa, gwargwadon yadda wurinku yake. Ku je ku biyu ko uku, ku zauna ƙasa, ku ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne muka zo neman albarka da shawara." Kada ku je da ƙorafi ko roƙon kuɗi. Ku nemi abu biyu: ya sa a yi shela, kuma ya nuna muku wurin da ya fi damun jama'a. Ku ga liman ma. Hadisin da ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce kowa ya san shi, kuma minti biyu na tunatarwa bayan salla ya fi takarda ɗari. Inda akwai coci a unguwa ku gayyaci matasansu, kwata ɗaya ce ke bi ta ƙofar kowa.

Rajista ba dole ba ce a farko. Idan aiki ya kankama kuna son buɗe asusu ko neman tallafi, a Kamaru ana kai takardun ƙungiya ofishin prefe bisa dokar ƙungiyoyi ta Disamban 1990.

5. Ku san inda za a kai kafin ku kwashe

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke kashe aiki. An yashe kwata, an tara tsibi a bakin titi, babu mai ɗauka. Awaki su barbaza, iska ta kwashe, ruwa ya mayar da sauran cikin kwatar, ko wani ya gaji ya cinna masa wuta. Aikin baban giwa ke nan.

Mako guda kafin ranar aiki, ku je ofishin magajin garin yankinku. Garwa tana da ƙananan hukumomi uku, ku san wadda kuke ciki. Ku tambayi inda babban kwandon shara mafi kusa yake da ranar da motar Hysacam, kamfanin kwashe shara, ke biyowa, ku sa aikinku ya faɗo kafin zuwanta. Ku rubuta buƙatarku a takarda, ku riƙe kwafi. Sannan ku nemo 'yan jari-bola da masu sayen tsofaffin robobi, ku tambaye su dalla-dalla abin da suke saye da wanda ba sa so, da farashin kilo. Ku girmama su. Sun riga kowa fara wannan aiki, kuma sun san kasuwar fiye da ku.

A ƙauye ko unguwar da mota ba ta shiga, ku rage girman abin da za ku kwasa ya zama daidai da abin da za ku iya sarrafawa. Abin da ya rage wanda ba shi da mafita, a nemi jauro ya nuna wuri guda nesa da rijiya da hanyar ruwa da makiyaya, a haƙa rami, a riƙa rufewa da ƙasa. Ba magani ba ne na ƙwarai, amma ya fi ƙonawa, ya kuma fi zubawa a mayo, wato rafi. Abin da aka zuba a rafin Garwa, kogin Binuwai yake shiga, ya bi ta Yola, ya sadu da Kwara a Lokoja, ya nufi teku.

6. Ranar aikin gayya

Ku zaɓi wuri ƙarami: layi ɗaya, ko kwata ɗaya daga kwalbati zuwa kwalbati. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, Afrilu zuwa farkon Mayu, kwata tana bushe, ruwa bai sauka ba. Amma lokacin ne zafi ke haura digiri 40, don haka a fara bayan sallar asuba a tashi kafin hantsi ya yi zafi. A kawo ruwan sha a jarka da kofuna. Abin kunya ne a gama sharar leda a bar ledar ruwan masu shara a wurin.

Ku ɗauki hoton wurin kafin a fara. A kasu uku: masu jawowa da manjagara, masu warewa cikin buhuna, masu turawa da baro. Wajen yashe kwata a fara daga ƙasa, inda ruwa ke fita, a yi sama, don in akwai ruwan da ya kwanta ya sami hanya. Laka da yashin da aka fitar kada a bar su a gefen kwata, a kai su cike ramukan hanya bayan an tsince ledar ciki.

Gargaɗi, kuma a karanta shi da ƙarfi kafin a fara:

Kada a cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin juji, kunama da maciji suna fakewa a nan. Allura, reza da fasasshiyar kwalba a ɗauke su da shebur a sa cikin jarka mai kauri, a rufe, a kai asibiti mafi kusa a tambayi yadda za a yi da su. Wanda ya yanke a wanke ciwon nan take da ruwa da sabulu, a kai shi a duba maganar allurar tetanus. Kada kowa ya shiga cikin rufaffen kwalbati. Ƙananan yara su tsaya a wajen riƙe buhu da ƙidaya. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙasar auduga irin tamu: robobin maganin feshi. Kada a haɗa su da kwalaben da za a sayar, kada a zuba ruwa ko mai ko nono a cikinsu komai wankin da aka yi musu. A huda su don kada wani ya ɗauka, a ware su daban, a tambayi malamin gona inda ake mayar da su.

Da an gama a auna, a rubuta, a ɗauki hoto daga daidai inda aka ɗauki na farko.

7. Abin da za a yi da abin da aka tara

Sayarwa. Duba gindin roba za ka ga lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Lamba 1 ita ce ta kwalaben ruwa da lemo, 2 ta jarkoki, 5 ta yawancin bokitai da kujeru. Waɗannan ne aka fi saye, kuma wanda aka ware aka wanke ya fi daraja. Kwalabe masu kyau da murfinsu, masu sayar da zoɓo da man gyaɗa suna nema. Ku ba su na gida waɗanda kuka san abin da ke ciki a da, ba na kwata ba. Kada ku sa rai da kuɗi mai yawa. In ya sayi safar hannu da sabulu, ya yi.

Renon itatuwa. Wannan ne na fi so, domin a nan ne aikin leda ke haɗuwa da aikin yanayi. A yanke saman ledar ruwa, a huda gindinta wuri uku ko huɗu, a cika da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, kashi biyu na ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na taki. A jera a inuwa a tsaye, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Zogale ya fi sauƙi ga mai koyo, yana tsirowa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Irin darbejiya, wadda ta yi wa titunan Marwa rumfa, sai sabo, in ya daɗe a ajiye ba ya fita. Irin bagaruwa da kuka masu taurin ɓawo ne, a jiƙa su a ruwan zafi su kwana, ko a ɗan kankare ɓawon. Mangwaro ya fi ƙarfin ledar ruwa, a yanke babbar kwalba a yi masa. A fara reno wata biyu zuwa uku kafin damina ta zauna, a riƙa ban ruwa safe da yamma, a riƙa ɗaga ledojin lokaci-lokaci don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa.

Ranar dashe a tsaga ledar da reza a cire ta gaba ɗaya, a mayar da ita buhu. Masu dasawa da leda suna shaƙe itacen, sun kuma binne sharar da suka ce suna yaƙa. Kada ku dasa abin da ya fi ƙarfin ban ruwanku. Itace ashirin da kowanne ke da mai shi, da suna a littafi, sun fi ɗari biyu da aka dasa don hoto. Da rani a huda murfin kwalba da ƙusa, a cika ta da ruwa, a kifa ta a gindin dashen, ta riƙa ɗiga a hankali.

Bulon kwalba. Ledar biskit da ta omo ba mai saye. A wanke, a busar sarai, a yayyanka, a riƙa cusawa cikin kwalba ana dannawa da sanda har ta yi tauri. Kwalbar lita ɗaya da rabi ta kai aƙalla giram 500, in ka taka ta kada ta lotsa. A jera su a kwance da laka ko siminti a yi dakalin zama ko kewayen itace, a shafe su gaba ɗaya don rana ba ta barin roba. Kada a yi katangar ɗaki da su, kada a sa su kusa da murhu. Danshi ko ragowar abinci a ciki yana ɓata bulon.

Masu hannu kuma suna yanka leda zare-zare su saƙa igiya, jaka da tabarma.

Za ku ji labarin narkar da leda a gauraya da yashi a yi duwatsun daɓe. Ana yi a Kamaru, kuma yana da ƙarfi. Amma ban yarda mai farawa ya yi shi a rabin ganga a tsakar unguwa ba. Hayaƙin yana da haɗari, narkakkiyar roba tana manne wa fata, kuma kuskure ɗaya wajen ware nau'in roba ya isa ya cutar da kowa a wurin. Wanda ke so ya je ya koya a inda ke da kayan kariya.

8. Ku koma inda ledar ke fitowa

Littafinku zai nuna muku. Idan rabin buhunan ledar ruwa ce daga ƙofar makaranta, ku ga shugaban makaranta a ajiye randa ko jarka mai famfo da buhun tara leda a kowane aji. Idan daga mai shayi ne ko mai ƙosai, ku rataya masa buhu kusa da teburinsa, ku riƙa zuwa kuna kwashewa. Kada ku kunyata kowa a gaban masu sayensa, kada ku sa hoton mutum a Facebook. Abincinsa yake nema.

Biki da suna da walima suna zubar da leda mai yawa a yini guda. Ku tanadi kofuna da farantan ƙarfe na ƙungiya, ku riƙa ba da haya da rahusa, ku wanke ku ajiye. Telolin unguwa kuma su ɗinka jakunkuna da ragowar yadi, ku sayar a bakin kasuwa ranar da take ci. Ranar Matasa ta 11 ga Fabrairu da Ranar Muhalli ta Duniya ta 5 ga Yuni lokuta ne da hukuma da gidajen rediyo ke sauraron matasa. Ku je musu da adadin buhuna da hotuna, ku nemi abu guda takamaimai, kamar a ajiye kwandon shara a wuri kaza.

9. Ku dawo wuri ɗaya

Bayan mako biyu ku koma layin da kuka share, ku sake kwashewa, ku auna. Kada ku ƙara sabon layi sai adadin na farko ya ragu sau biyu a jere. Idan bai ragu ba, akwai wata hanyar da leda ke fitowa wadda ba ku gano ba, sai ku tsaya da yamma ku lura da masu zubarwa da lokacin da suke zuwa. Sau da yawa yara ne da aka aiko da shara, kwandon ya yi musu nisa ko tsawo, sai su juye a kwata. Maganin wannan shi ne a yi magana da gidajen, a kuma sa ɗan dakali a gindin kwandon.

Da damina, bayan kowane ruwa mai ƙarfi, mutum biyu su zaga bakin kwalbatoci da manjagara su janye abin da ya taru, bayan ruwan ya janye, ba yana gudu ba. A zubar da duk ruwan da ya kwanta a gwangwani, taya da fasassun robobi, domin a nan sauro ke ƙyanƙyasa. A gida kuma a maimaita ƙidayar mataki na 1 bayan wata uku, a rubuta sabon adadin kusa da tsohon a shafi ɗaya.